Tela a Gidan Ɗori

Talata, da azahar

Yau na ce "to" a inda bai kamata ba, kuma tun ɗazu abin ya hana ni taka keken ɗinki.

Ina sharar majami'a da hantsi, don ni ke riƙe da makulli tunda Fasto ya tafi Zuru jinyar mahaifinsa, sai ga wani direba ya tsaya a bakin ƙofa yana sallama. Sunansa Buba, albasa yake ɗauka daga Aliero zuwa kudu. Ya ce wani mai yi masa lodi, wai shi Tamu, ya zamo daga saman mota da buhu a kafaɗa, ƙaurinsa ya karye, sun kai shi gidan Malam Labbo mai ɗori a can Aliero.

"Naku na," in ji Buba. "Ba shi da kowa nan, ni ko yau ni ka tashi. Malam yac ce a hwaɗa ma malamin Kiristoci shi aiko mai jinya."

Na ce malami ba ya nan. Ya dubi tsintsiyar hannuna, ya dubi makullin wuyana, ya ce, "To ai kai kana nan." Na ce to. Irin "to" ɗin da nake ce wa mai kaya in ya ce gobe zai zo karɓar ɗinkinsa.

Ni Maiwada tela, ni za a aika jinya! Duk Jega an san kowace Kirsimeti ina kai kajina wa maƙwabcina Malam Jibrin ya yanka, ana yaba mini wai don maƙwabta Musulmi su iya cin abincinmu nake yi. Akwai wannan, amma ba shi ne babban dalili ba. Matata Gudiya ta san gaskiya: in na ga abin da ke fita daga wuyan kaza, ƙasa ce ke tasowa ta same ni. Ko sunan abin ba na son rubutawa.

Talata, bayan magariba

Na je wajen Dattijo Isiyaku in sauke masa saƙon. Na tarar da shi ƙafafu a kumbure kan matashi, ciwon suga ya tashi. Na buga wa Fasto waya na gaya masa zancen Tamu. Ya ce, "Je ka ka duba shi kawai, Maiwada, ka yi masa addu'a." Kawai, in ji shi. Ya manta ranar da ya ce in rufe sujada da addu'a, na miƙe na gode wa Allah saboda wannan abinci da za mu ci, alhali ko ruwa babu a wurin. Har yau yaran mawaƙa in sun gan ni sai su ce a ci lafiya.

Laraba, da la'asar

Ban je ba. Na yanka yadin ankon Zumuntar Mata, na Ista. Ai wannan ma aikin Allah ne.

Alhamis, da asuba

Ai aikin Allah ne. Na faɗa wa kaina haka har barci ya gudu.

Na fito na tarar da fulas ɗin kunu da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali, an ajiye su a kan kekena, daidai inda nake sa yadi. Na ce wa Gudiya na wane ne. Ta ce, "Na wanda ka ce wa to." Na ce ita ta sani sarai ba zan iya ba. Ta ce, "Baban Talatu, ba a ce ka ɗora ƙashi ba, tuwo za ka kai. Ko shi ma yana sa ka suma?"

Alhamis, bayan la'asar

Na je. Na dawo. Bari in rubuta yadda aka yi kafin in fara gyara labarin.

Aliero duk warin albasa, buhuna jibge a bakin hanya har sun fi ni tsawo, wanda ba abin mamaki ba ne tunda kusan kowa ya fi ni. Gidan Malam Labbo ɗakuna ne jere da rumfa a tsakiya. Kowane mai karaya da nasa: wannan uwarsa na fifita, wancan ƙanensa na hura wuta. Ɗaki ɗaya ne babu takalmi ko ɗaya a bakinsa.

Tamu ƙato ne, ya cika tabarma har ƙafarsa mai lafiya ta sauka ƙasa. Ɗayar an ɗaure ta da karare da bandeji. Ya juya fuska bango. Na gaishe shi, bai amsa ba. Na ce daga majami'a nake. Ya juyo ya dube ni tun daga hula har silifa, ya ce, "Kai ne Fasto?" Na ce a'a, tela ne. Ya koma kallon bangonsa, ni ma ban ga laifinsa ba.

Ina zuba masa kunu aka shigo da wani ɗan acaba, aka kwantar da shi a rumfa, maza suka danne shi. Na ji ihu, na ji wata ƙara kuma wadda ba ihu ba. Abin da na sani ke nan. Na farka rigata jiƙe, wani tsoho mai farin gemu tsugune a kaina da buta, matan gidan na dariya a bayan zana.

"Kai na mai jinyar?" in ji tsohon. Shi ne Labbo. "To wa za shi jinyarka kai?"

Ban yi addu'ar ba. Kofin kunun ma a kan tabarmar Tamu ya kife.

Juma'a, da hantsi

Ba zan koma ba. Na ba su abin dariya na shekara.

Asabar, da magariba

Na koma, saboda kwanon Gudiya da na baro.

Ɗakin Tamu yana wari. Ba wanda ya zubar masa da fo tun jiya, shi kuma ba ya roƙon kowa. Na ɗaure hancina da ƙyallen anko na fitar, na wanke, na share ɗakin. Shara dai na iya. Wandonsa da aka farke ranar da ya faɗo na ɗauko, na zauna bakin ƙofa ina ɗinkewa da allurar hannu, don in hannuna na aiki zuciyata ba ta tashi sosai.

Tsohuwar da ke jinyar ɗanta a ɗaki na gaba ta ce Tamu ba ya barin su barci. Yana kiran sunaye, yana shure-shure, yana cewa a buɗe masa. Na tambaye shi ina garinsu. Ya faɗi sunan wani ƙauye can bayan Zuru. Na ce a aika wa mutanensa mana. Ya ce, "Babu kowa a can yanzu." Ban ƙara tambaya ba. Duk mun san irin ƙauyukan da babu kowa a cikinsu yanzu.

Da zan tafi ya ce akwai gwaggonsa a Maiyama, Amariya, in tana da rai. Wallahi daɗi na ji, daɗi mai yawa, kuma ba don shi ba.

Lahadi, bayan sujada

Dattijo Isiyaku ya lallaɓo ya yi wa'azi a zaune. Na ba shi sanarwar Tamu ya karanta, don ni ba na tsayawa a gaba. Mutane sun ji tausayi ƙwarai. An kawo gero, an kawo sabulu, wata ta kawo zane. Da aka ce wa zai riƙa zuwa, kowa ya dubi kowa. Ba mugunta ba ce: wannan soja ne, wancan malamin makaranta, waɗancan mata ne, ba za su ɗaga ƙato su kai shi bayan gida ba. Sai Dattijo ya ce, "Mun gode wa Allah da ya riga ya kira ɗan'uwanmu Maiwada." Aka ce amin da ƙarfi.

Bayan kowa ya watse na rufe ƙofa na zauna a bencina na baya. Na ce, Ubangiji, ka duba da kyau. Akwai Kofur, sojan nan namu, hannunsa kamar taɓarya. Akwai mai aikin asibiti. Ni tsintsiya ka tarar a hannuna, shi ke nan, da an zo bayan na tafi da wani ne. Na jira amsa. Babu abin da na ji sai tattabaru a rufi.

Litinin, da la'asar

Maiyama. Na rufe shago na shiga mota, ina ta shirya maganar da zan yi: ga ɗanki can, mu mun yi iya namu.

Na yi ta tambaya har wata mai ƙosai ta nuna mini wani ɗaki a bayan injin niƙa. Amariya tsohuwa ce tukuf, kuma ba ta gani. Maƙwabta ke ba ta abinci. Da na ambaci Tamu sai ta ce, "Ashe shi ya fita." Ta yi ta maimaitawa, ashe shi ya fita. Ta ɗauka yana cikin sauran da ba su tsira ba.

Na gaya mata zancen ƙafar. Ta ce tun da abin ya faru take roƙon Allah, in akwai wanda ya saura a gidan ɗan'uwanta, ya haɗa shi da namiji mai ƙarfi da zai tsaya masa. "Matso, ɗana, in ji ka." Na matsa. Ta laluba kafaɗata, ta kama damtsena, yatsunta suka zagaye shi suka haɗu. Sai ta fashe da dariya har da tari.

"Kai ne mai ƙarfin?"

Na ce, "Gwaggo, abin da nake ta gaya wa Allah ke nan."

Ta ce, "To shi ya sani. Ni dai na roƙa, kuma kai ka zo." Ba ta saki hannuna ba sai da ta yi mini addu'a, doguwa, rabi da Hausa rabi da yarensu. Maganar da na shirya tana nan a cikina, na dawo da ita Jega.

Talata, da hantsi

Na ɗinka wa shugabar Zumunta hannun riga a juye. Na farke. Na sake ɗinkawa a juye.

Laraba, da magariba

Na gaya wa Tamu gwaggonsa na da rai. Ya rufe fuska da hannu, ni kuma na fita na daɗe ina wanke kwano ɗaya.

Labbo ya kira ni rumfa. Ya ce shure-shuren da Tamu ke yi cikin barci sun goce ƙashin, ya fara kamawa a karkace. In an bar shi haka ƙafar za ta gajarce ta lanƙwashe, ba lodi ba, ko tulu ba zai ƙara ɗauka ba. Sai an kwance an ja an sake ɗorawa, kuma jibi Juma'a da safe, in ya wuce haka ƙashi ya yi ƙwari.

Na ce Allah ya ba da sa'a, zan zo da yamma in duba shi.

Ya ce, "A'a, Tela. Kai ka riƙon kai." Ya bayyana mini yadda suke yi a gidan: ƙarti ke riƙe ƙugu da cinya, amma kan mai karaya a cinyar nasa ake ɗora shi, ɗan'uwa ko aboki, don ya riƙa ganin fuskar da ya sani. "Ranar da anka kawo shi ba mu da nashi, munka sa baƙo. Da yag ga baƙi sun danne shi, sai yaz zan awa ba mutum ba. Mutum huɗu yaw watsar, ɗana har haƙori yar rasa. Shi as sa ɗorin bai zamna daidai ba tun hwarko. Ban san mi anka yi mishi can inda yah hito ba, ba ni ko son sani. Amma in yas sake yin haka ƙashi na hannuna, ƙahwar ta tahi."

Na ce zan kawo Kofur. Ya ce, "Ya san hwuskar Kofur?" Na ce a'a. Ya ce, "Taka ɗai yas sani garin ga."

Alhamis, da asuba

Ban runtsa ba. In na faɗi a tsakiyar aikin fa? Kansa zai bugi ƙasa, ya buɗe ido ya ga baƙi, shi ke nan. Ni ne zan gurgunta shi, ba mota ba.

Alhamis, da azahar

Na yi wauta. Na ce bari in horar da kaina, na tafi layin mahauta a kasuwa na tsaya ina kallo da gangan. Na yi ta maza har aka ɗaga wuƙa. Malam Jibrin ne ya tsince ni zaune a ƙasa tsakanin kwandunan tumatir, ya kawo ni gida a babur, bai tambaye ni komai ba. A bakin ƙofa ya ce, "Maƙwabci, ai na daɗe da sanin zancen kajin ga." Ashe duk shekarun nan rufa mini asiri yake yi.

Alhamis, bayan magariba

Na ce wa Gudiya zan buga wa Labbo waya in ce zazzaɓi ya kama ni. Ba ta yi tsiya ba, abin da ya fi tsiyar ciwo. Ta ce, "In ka je ka faɗi, ka faɗi a wurinsa. In ba ka je ba, wa zai gani?" Ta goge mini farar rigata ta Lahadi ta rataye a ƙusa.

Ina jin tsoro. Na rubuta shi ƙarara, ina jin tsoro, kuma ina jin haushin Allah kaɗan.

Juma'a, da asuba

Ubangiji, ga ni, amma ka san abin da ka ɗauka.

Juma'a, da la'asar

An gama.

An fito da Tamu rumfa. Na zauna na miƙe ƙafafu, aka ɗora kansa a cinyata, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Ƙarti suka tsugunna suka kama. Na ji jikinsa ya sandare, idonsa ya fara yawo daga wannan fuska zuwa waccan, numfashinsa ya canja. Labbo ya yi bisimilla ya fara kwance bandeji, ya ce, "Tela, yi mishi magana."

Na ce bari mu yi addu'ar da kowane yaron majami'a ya haddace. Na fara. Layi na farko ya fito, na biyu ya fito, sai idona ya sauka kan ƙafar. Akwai rauni a gefen ƙaurin, bandejin ya manne, da aka ɓamɓare sai ya fito. Jini. To, ga shi na rubuta.

Addu'ar ta ɓace mini fat. Kunnuwana suka fara ƙugi, rumfar ta fara juyawa, na san ƙasa ta taso. A raina na ce shi ke nan, na gaya maka, na gaya maka.

Sai na ji an damƙi wuyan rigata. Tamu ne. Ya daina kallon ƙartin, ni yake kallo, ya zare ido.

"Baba Tela! Kada ka faɗi. Baba, dube ni nan, kada ka dubi can."

Na dube shi.

"Ina ka tsaya? Faɗi, ina jin ka." Ya ba ni layin da na manta. Na maimaita. Ya ba ni na gaba. Kaina ya yi gaba zai rinjaya, ya tokare goshina da tafin hannunsa, ya daka wa matan gidan tsawa su kawo buta, tsohon nan zai sume. Haka muka yi ta yi, yana faɗa ina bi kamar ɗan aji ɗaya. A tsakiya na ji ƙarar nan, na ji yatsunsa sun nutse a kafaɗata, ya yi wani gurnani ta cikin haƙora, amma bai shura ba. Da ya samu numfashi abin da ya fara cewa shi ne, "Kana nan, Baba?" Na ce ina nan. Muka kai amin tare.

Labbo ya ɗaure kararensa, ya wanke hannu, ya daɗe yana dubanmu. Ya ce, "Tun da ni ka aikin ga ban taɓa ganin mai karaya shina jinyar mai riƙon kai ba. Ƙashi ya zamna, Tela. Yanzu kana iya hwaɗuwa."

Na kuwa faɗi.

Lahadi, da yamma

Tsohuwar ɗaki na gaba ta ce Tamu ya yi barci shiru. Ya farka sau ɗaya ya tambaya ko na isa gida lafiya.

Na kawo ƙaramin kekena na hannu na ajiye a bakin ɗakinsa. Ankon Zumunta ba zai kammala kafin Ista ba, shugaba ta yi mini wankin babban bargo a waya. Tana da gaskiya.

Laraba, da hantsi

Fasto ya dawo, mahaifinsa ya samu sauƙi. Ya zo Aliero ya yi wa Tamu addu'a mai kyau, da ayoyi a jere, ni kaina na ji daɗinta. A hanya ya ce na yi ƙoƙari, yanzu zan iya hutawa, zai nemi wanda ya fi sabawa da irin wannan aiki. Makonni nake jiran in ji wannan magana. Sai na ji bakina yana cewa a bar shi, na riga na san inda ake ajiye fo.

Har yanzu ban iya addu'a a gaban mutane ba. Har yanzu in an shigo da sabon mai karaya ina zagayawa bayan gida in toshe kunne. Babu abin da ya canja a jikina, na duba.

Asabar bayan Ista, da la'asar

Mata sun yi Ista da tsohon anko. Na ɗauko Gwaggo Amariya daga Maiyama a mota, ta zauna bakin tabarma tana shafa kan Tamu tana kiran sunan ubansa.

Labbo ya matsa ƙaurin, ya ce yau za a gwada tsayuwa. Aka kawo sandunan da ke gidan, duk sun yi wa Tamu gajarta, ɗaya kuma ta lanƙwashe da ya jingina. Kofur da ya rako mu ya ba shi kafaɗa, sai ta yi tsawo, ta ɗage shi gefe guda. Tamu ya waiga ya ce, "Ina Baba Tela?"

Na shiga ƙarƙashin hannunsa. Kafaɗata ta zauna a hammatarsa daidai, kamar da tef aka auna. Shekara hamsin ina ƙorafin wannan tsawo. Ya sauke mini nauyinsa, na dafe ƙasa da ƙafafuna, na ɗauka. Ya ajiye ƙafar a ƙasa, miƙaƙƙiya, tsawonta ɗaya da 'yar'uwarta.

Gwaggo ta ce, "Me ake ciki? Ku gaya mini mana, ya tashi?"

Tamu ya ce, "Na tashi, Gwaggo."

"Wa ya riƙe ka?"

Ya ce, "Mai ƙarfin da kika roƙa."